Ihun 'Yar Gidan Raɗa

Wadda ta turo min saƙo ta ce wai mace da kareti sai ka ce ba ta da aikin yi, na gani, na gode, Allah ya ƙara miki aiki. Sauran kuwa ku gyara zama. Yau labarin ɗamara ruwan ƙasa zan ba ku, wadda na yi shekara guda cur ina bi tana gudu, da abin da ya so ya raba ni da ita. Ba ƙafa ba ce, ba hannu ba ne, ba kuma tsoron duka ba. Maƙogwarona ne.

Sai na fara muku da gidanmu, in ba haka ba za ku ce iyayi ne kawai.

Abba ya yi shekara ashirin da shida yana aikin dare a masaƙa. In ya dawo da safe ya kwanta, sai azahar, in ya yi salla ya koma, sai la'asar. Don haka maganar da na fara ganewa a duniya, tun kafin in san sunana, ita ce, "Shhh, Abba na barci." A gidanmu cokali ba ya taɓa kofi. Ƙofa riƙe mariƙinta ake yi har ta zauna. Talabijin ba ta taɓa wuce lamba huɗu ba. Yayyena biyu maza in faɗa ya haɗa su, a kan katifa suke dambe ba sauti, sai dai ka ga hawaye. Ni kuwa auta, Umma ta ce ko kukan jarirantaka a hankali na yi shi. Maƙwabta suka sa mana gidan raɗa, sunan ya bi mu har yau.

Abin dariyar, shekara shida ke nan da Abba ya ajiye aiki, ba ya barcin rana kuma, injinan masaƙa kuwa sun tafi da kunnuwansa. Mu kuma sabo turken wawa, ba mu daina raɗa ba. Sai ka gan shi zaune a falo da jarida yana bin bakunanmu da ido, can sai ya ce, "Me kuka ce?" da ƙarfin da har labule sai ya motsa. Umma ta maimaita masa, da raɗa. An saya masa na'urar ji ya jefa ta a durowa, wai fito take masa a kunne. In magana mai muhimmanci ce, a bayan ambulan ake rubuta masa.

To daga wannan gidan na fito na shiga kareti. A shagon ɗab'i nake aiki, tsayuwa daga safe har yamma, baya ya fara min ciwo, likita ya ce in nemi motsa jiki. Makarantar tana saman wani shagon kujeru, ɗaki ne dogo mai daɓen katako, da madubi a bango guda wanda kusurwarsa ta tsage, da fanka uku, biyu ke juyawa. Malamarmu, wadda muke kira Sensei, 'yar ƙaramar mata ce ta haura hamsin, in kuka haɗu a hanya za ki ce ta fito sayen zare ne. Ranar da na ga ta ɗaga wani ƙato ta shimfiɗa a ƙasa tana ci gaba da bayani, ranar na san na zo.

Na shiga don baya, na zauna don kaina. Shekara huɗu, Litinin da Laraba da Asabar, ruwa ko iska. Daga farar ɗamara na hau rawaya, na hau ruwan lemo, kore, shuɗiya, har shunayya, ban taɓa maimaita ko ɗaya ba. Daga shunayya sai ruwan ƙasa, daga ita kuwa sai baƙa. A nan ne mota ta tsaya.

Akwai abin da ake kira kata. Jerin motsi ne da ake haddacewa, taku da kariya da naushi, kamar kana faɗa da mutanen da ba a gani. A cikin kowace kata akwai wuri biyu da dole a kurma ihu, sunansa kiyai. A ƙananan ɗamaru a jere ake yi, mutum takwas ko goma, sai in buɗe baki tare da jama'a, ihunsu ya rufa min asiri. Shekara uku ina cin wannan bulus. Amma jarrabawar ruwan ƙasa kai kaɗai ake fitarwa tsakiyar fili, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fita sau biyu. Sau biyun in an zo wurin ihu sai in buɗe baki iska ta fito. Sau biyun aka ce in koma in shirya.

A makarantarmu akwai wani allo kusa da ƙofa, allon buri. Duk wata uku kowa zai rubuta buri guda a ɗan kati ya maƙala, ba a cirewa sai an cika shi. Wani ya rubuta yana so ya tsaga ƙafa har ƙasa. Wata ta ce bugunta ya kai kan buhu. Nas, abokiyar karawata, wata ma'aikaciyar jinya mai dariya kamar ana zazzage kwanoni, ta rubuta wai ta daina rufe ido in naushi ya taho. Nawa katin kalma uku ce: "In yi ihu." Katunan mutane suna zuwa suna tafiya, nawa har ya yi ja don daɗewa.

"Ke Shiru, zo nan," in ji Sensei wata Laraba, don sunan da ta sa min ke nan. Ta ɗora tafinta a kan cikina. "Daga nan yake fitowa, ba daga wuya ba. Kin ɗauka don burgewa ake yi? Shi ke fitar da numfashi ya ɗaure ciki, ko an naushe ki ba za ki tsinke ba. Yi min."

Na yi.

Ta waiga hagu da dama. "Wa ya taka ɗan kyanwa?"

Aji ya kwashe da dariya, har da ni. Amma da na isa gida na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka, shi ma a hankali.

Ban zauna ba fa, kada ku ce. A shagonmu akwai wani babban inji, in yana aiki ko mai shago sai da hannu yake magana. Sai na riƙa zagayawa bayan tarin takardu in ya tashi, in dunƙule hannu in saki ihu. Yana fita kuwa, har cikina na ji yana ɗaurewa. Na je da murna na faɗa wa Sensei.

"Madalla," ta ce. "Gobe ki kashe injin ki yi."

Ban kashe ba, amma wata rana takarda ta maƙale ya tsaya da kansa ina tsakiyar ihu. Wallahi ihun ya yanke kamar an sa almakashi. Mai yankan takarda ya leƙo ya ce, "Atishawa kika yi? Allah ya sawwaƙe."

Yanzu bari in shigo da mutumin, na san shi kuke jira.

Mai zanen gidaje ne, ya zo shagonmu a buga masa manyan takardun zane, ya dawo karɓa, ya sake dawowa wai an manta masa shafi guda, alhali ba a manta ba. A wayata Mai Tabarau na sa masa. Dogo ne, mai tsabta, rigarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga, ba ya zuwa gidanmu hannu rabbana, ko lemo ne sai ya riƙo wa Abba. Su goma sha ɗaya ne a gidansu, ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa jin ƙarar agogon bango ba sai ranar da ya fara shiga falonmu. Ya zauna ya lumshe ido kamar wanda ya sha ruwan sanyi. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. In saƙonsa ya shigo ina aiki, sai na karanta sau uku kafin in amsa.

Wata rana ya rubuto: "Kin san abin da ya sa nake son kiranki? In na ajiye waya kaina ba ya ciwo."

Jama'a ku taya ni dubawa, wannan yabo ne ko maganin ciwon kai aka mai da ni? Amma ni da hannuna na tura masa hoton fure.

Ya san ina kareti, sai dai a ransa wani abu ne kamar tsalle-tsallen rage ƙiba. Yayarsa ce ta fara ganewa. Ta zo gaishe da Umma, na kawo mata shayi, hannun rigata ya ja baya, ta ga wani shaci baƙi-ƙirin a damtsena, tsarabar ƙafar Nas.

"Wannan fa, ƙanwata?"

"A wurin atisaye ne, Yaya."

"Ikon Allah," ta ce, ta kurɓi shayinta. Ba ta ƙara ba, amma kun san irin "ikon Allah" ɗin da ake yi wa uwa ba 'ya ba.

Tun daga ranar Umma ta sa ni gaba. Umma ba ta faɗa, ina ta ga muryar faɗa? Bi take yi a hankali kamar ɗigon famfo. In ina guga ta tsaya a ƙofa: "Yaron nan mai hankali ne, Auta." In ina cin abinci: "Ki dubi bayan hannunki, duk ya yi kanta." In zan fita da jaka: "Ba wanda ya ce dole, amma mace ta san lokacin da ake ajiye wasa."

Sai ga takardar ci gaba. Duk wata uku Sensei na ba kowa tasa, an jera abubuwa an sa maki. Na manta tawa a aljihun jaka, Umma ta zo kwashe kayan wanki ta ci karo da ita. Na dawo daga aiki na same ta a falo ta sa tabarau tana karantawa, Abba na gefe da jaridarsa.

"Tsayuwa, madalla. Naushi, madalla. Kata, madalla." Ta ɗago. "Mene ne kiyai?"

"Ihu ne, Umma."

"An rubuta babu."

"Eh. Shi ya kayar da ni sau biyu."

Ta cire tabarau, fuskarta ta washe. "To alhamdulillahi. Ashe tarbiyyata ba ta zube ba."

"Me kuka ce?" in ji Abba.

Ba wanda ya amsa masa. Umma ta matso kusa da ni. "Yaushe za a sake?"

"Asabar ta sama."

"To ji nan. Sau uku ai an gwada, ko a gaban Allah kin fita. In kika ci, ban hana ki ba. In kika faɗi, ki naɗe kayan nan ki ba wani, mu fuskanci abin da ke gabanmu. Kin yarda?"

Dama dokar makaranta ce, wanda ya faɗi sau uku sai ya jira shekara guda. Na san in na bar filin nan shekara guda, ga maganar aure a tsakani, ba zan koma ba har abada. Duk na san wannan. Amma ni 'yar gidan raɗa ce, kalma guda na iya in babba ya yi magana.

"To," na ce.

Ta ajiye takardar a kan tebur ta shiga kicin tana murmushi. Ina tashi na ga Abba ya ninke jarida ya miƙa hannu ya ɗauka. Ban kawo komai a raina ba, don Abba ko takardar maganin sauro ya gani sai ya karanta ta har ƙarshe.

Ranar Juma'a da yamma, ina gugar farin kayana, saƙo ya shigo.

"Umma ta ce gobe kuna da taro a makarantarku, in zo in kai ku. Ƙarfe nawa?"

Na tsaya da dutsen guga a hannu har sai da na ji ƙauri. Kun ga Umma? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ta san ko ni kaɗai ce a ɗaki ihun nan ba ya fita, balle a gabanta, balle a gaban mutumin da ya ce shiruna ne ya kawo shi. Ba ta hana ni zuwa ba, ba ta karya alkawari ba, kujera kawai ta sama masa a layin gaba.

"Ba sai ka wahala ba," na rubuta.

"Wace wahala? Ina so in ga 'yar shiruna tana wasanta."

Wasanta. Na kife wayar a kan gado.

Asabar da safe na yanke farce, na ɗaure gashi tamau, na sa ɗan baƙin hijabin wasa mai kama kai, na sa farin wando da riga, na ɗora doguwar riga ruwan toka a sama. Ɗamarata shunayya, wadda duk ta koɗe ta yi laushi, na naɗe ta na sa a jaka. Umma ta fito cikin leshinta mai ruwan zuma da mayafi mahaɗi, turare na tashi, kamar mai zuwa karɓar kyauta. Muna shirin fita sai ga Abba a bakin ƙofarsa, ya sha farar riga da hula, har da agogon da aka ba shi ranar ajiye aiki.

"Ina zuwa kuma?" in ji Umma.

Bai ji ba, amma ya gane. Ya zaro takardar ci gabana daga aljihu ya kaɗa ta, ashe a can ƙasanta an rubuta ranar jarrabawa. "An ce yau za ta yi ihu. Zan je in ji!"

Umma ta dube ni, na dubi ƙasa. Mai Tabarau da ke tsakar gida da makullin mota ya yi 'yar dariya, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

An jera kujerun roba a jikin bango, mutum sun fi sittin, iyaye da mazaje da yara. A gaba tebur ne da farin ƙyalle, mutum uku a zaune: Sensei, da wani malami daga wata makarantar, a tsakiya kuma babban mai jarrabawa, wani dattijo mai kaurin wuya da jan biro. Shi ne ya kayar da ni sau biyun. Nawa mutanen suka samu layin gaba, daidai inda zan fuskanta.

Aka fara da tushe, taku da naushi da bugun ƙafa. Wannan ko cikin barci aka tashe ni zan yi. Aka zo karawa, aka haɗa ni da Nas. Ta kawo ƙafa na kauce, na shige ciki na tsayar mata da naushi daidai haɓa, tazarar yatsa guda. Aka tafa. Na saci kallon layin gaba: Umma ta ja mayafi ta rufe ido ɗaya, Mai Tabarau ya gyara zama, murmushin ya ragu. Abba kuwa ya dafa gwiwoyi ya miƙo wuya.

Sai aka kira lambata, kata, ni kaɗai.

Kun san shirun da ake yi in mutum guda ya fita fili? Har fankar nan da ba ta juyawa sai da na ji kamar tana kallona. Na rusuna, na faɗi sunan katar. Dattijon ya ɗan karkato kunne. Na fara. Jikina ya san hanya, kariya, juyi, taku, rigar na ba da sauti a kowane naushi, ƙafata na kama katako. Ina jin kaina daidai. Na taho wurin ihun farko, naushin dama ne, kuma wurin ya faɗo ina fuskantar layin gaba sak. Na ga idon Umma. Na ga tabarau.

Na buɗe baki. Ɗan kyanwar nan ne ya sake fitowa.

Na ga jan biro ya sauka a kan takarda. Shikenan, na ce a raina, shekara huɗu ta tafi, gobe in naɗe kaya. Jikina na ci gaba da katar shi kaɗai, ni kuwa har na fara tunanin wa zan ba rigar.

Sai wata murya ta tsaga ɗakin.

"Ta yi ne? Ni fa ban ji ba!"

Abba ne. A ganinsa raɗa ya yi wa Umma. Wasu suka ƙunshe dariya, wani yaro ya saki tasa. Umma ta dafe masa hannu tana "Shhh," kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa ya kai tafinsa bayan kunne ya tanƙwara shi, ya ƙara miƙo wuya, yana jira.

Taku tara ne tsakanin ihun farko da na biyu, kuma a cikin taku taran nan wani abu ya warware min. Mutumin nan saboda shi muka koyi raɗa. Shekara ashirin da shida yana tsaye cikin ƙarar inji don mu ci mu sha, ya dawo gida mun yi masa shiru, yanzu kuma shirun ya yi masa katanga, yana zaune a tsakiyarmu kamar baƙo. Yaushe rabon da ya ji muryata? Ni kaina ban sani ba. Ga shi ya sa farar rigarsa ya hau bene ya riƙe kunne. Wallahi tausayi ne ya fara kama ni, sai kuma wani haushi ya biyo baya, haushin duk "to" ɗin da na taɓa cewa. Na manta da jan biro, na manta da tabarau. Na juya, na taka, na ja numfashi har ƙasan cibiya inda Sensei ke dafawa, na saki naushin ƙarshe.

Ban san daga ina ya fito ba. Na dai ji katakon ƙarƙashina ya amsa, wani jariri a baya ya tsala kuka, mai shagon kujeru daga baya ya ce har ƙasa suka ji suka ɗauka wani abu ne ya faɗo. Maƙogwarona ya yi zafi kamar na haɗiyi barkono.

"Yauwa!" in ji Abba, ya buga cinya. "Wannan na ji!"

Ɗakin ya ɓarke da tafi tun ban rufe katar ba, abin da ba a yi. Na dawo tsayuwa, na rusuna, hawaye na bin hancina, ban share ba don ba a motsi sai an sallame ka.

Da aka gama da kowa aka jera mu, mu bakwai. Dattijon ya bi sunaye, ya zo kaina ya tsaya, ya daɗe yana duban takardarsa.

"Ihun farko ban ji shi ba," ya ce. "Na biyun kuwa har yanzu yana cikin kunnena. Na haɗa su na raba biyu, kowanne ya isa." Ya ajiye biron. "Matso."

Sensei da kanta ta kwance min shunayya ta ɗaura min ruwan ƙasa, sabuwa fil, mai tauri, har tana ƙin lanƙwasa. Ta ja ƙullin da ƙarfi ta ce a hankali, "Sai na nemo miki wani sunan." Nas ta rungume ni ta ɗaga ni sama, ta je allon buri da gudu ta cizge katina ta yayyaga ta watsa min a ka. Ni kuwa dariya nake ina kuka, kuma ku ji, da sauti.

Na je gaban Abba na durƙusa. Ya kama bakin ɗamarar yana murzawa da yatsa, aikin tsohon ma'aikacin masaƙa, ya ce saƙar tana da kyau. Sannan ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Rabona da muryarki tun kina aji uku, Auta."

Umma ta juya baya tana neman wani abu a jaka wanda ba ya ciki. Da ta juyo hancinta ya yi ja. Ta gyara min wuyan riga ta ce, "Sai ki sha ruwan ɗumi, kada murya ta dushe." A wurin Umma wannan kambu ne, na karɓa hannu biyu.

A mota Abba ne kaɗai ke magana, yana ba mu labarin abin da muka gani da idonmu. Mai Tabarau na tuƙi, hannu biyu a kan sitiyari. Da muka isa su Umma suka shige, ya ce in ɗan tsaya. Muka tsaya a bakin ƙofar gida, rana tsaka, ni da doguwar riga a kan farin kaya, ɗamarar na tokare ni ta ciki don na ƙi cirewa.

"Barka," ya ce.

"Na gode."

"Ban san akwai wannan a cikinki ba."

"Ni ma ban sani ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. "To yanzu an samu abin da ake nema. Sai a huta ko?"

Ga "to" ɗin nan ta taho, na ji ta a kan harshena, ta saba hanya. Ina son mutumin nan, na faɗa muku. Na dubi rigarsa mai guga, na tuna lemon da yake kawo wa Abba, na tuna yadda yake jira in gama magana komai sanyinta. Na haɗiye ta.

"A'a," na ce. "Saura baƙa. Shekara biyu in Allah ya yarda, Litinin da Laraba da Asabar."

Ya jujjuya makullin mota a hannunsa. Wata mota ta wuce.

"Ni fa kin san abin da na zo nema," ya ce a hankali. "Ban ɓoye miki ba."

"Ba ka ɓoye ba. Amma shirun da ka gani ba nawa ba ne, na barcin Abba ne. Shi kuwa ya daɗe da tashi."

Ya dube ni kamar yau aka gabatar masa da ni. Ba fushi a fuskarsa, ba kuma murmushi, kuma wallahi gabana faɗuwa yake, kada ku ɗauka jarumta ce zalla.

"Ki ba ni kwana uku," ya ce. "In yi tunani."

"Allah ya kai mu."

Ya shiga mota ya rufe. Na shige gida. Tagar falonmu a buɗe take, kuma a kan titi take, taku biyar daga inda ya ajiye motar. Abba na zaune ya cire hula, Umma na tsaye da kofin ruwan ɗumi, su biyun sun zuba min ido.

"Me ya ce?" in ji Abba.

Umma ta miƙa hannu za ta ɗauko ambulan da biro. Na riƙe hannunta, na ja numfashi.

"Ya ce in ba shi kwana uku, Abba! Zai yi tunani!"

Umma ta dire kofin a kan tebur. A waje kuwa ban ji an tayar da mota ba, har yanzu tana nan. Abba ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai, ya juya ya fuskanci tagar.

"Ki ba shi biyu! Ai Litinin kina da atisaye!"